Ƙwallo Mai Tsakuwa

Sanduna goma sha ɗaya na tarar a sito,
uku sun tsage, ɗaya ba kai.
Filinmu na bayan aji ne, a Tudun Wada,
inda ciyawa ta ƙare dutse ya karɓa,
ƙarƙashin tsaunin da ke ƙwace mana rana da wuri.

Yara ashirin da uku.
Littafin hoki ya ce a raba su biyu, a busa usur.
Littafin bai san Chundung ba,
wadda usur bai taɓa isa kunnenta ba.
Bai san Tasi'u ba, da ya haddace filin da tafin ƙafa,
ya san kowane rami, ya san inda gwaiba ke zubar da 'ya'ya,
amma bai taɓa ganin ƙwallo ba.

Sai na ajiye littafin a bakin taga.

Ranar Asabar na shiga Katako.
Kafinta ya rage wa sanduna biyu tsawo
yana tambaya ko 'yan yaye zan koyar.
Na huda ƙwallon roba, na ɗura tsakuwa bakwai,
na liƙe da bakin wuƙa mai zafi.
Don Chundung kuma, tsohon ɗankwalina ja a kan kara:
in na ɗaga a tsaya, in na sauke a ci gaba.

Makon farko kowa ya zama mutumin kirki.
Da Shafa'atu ta turo kekenta
sai fili ya dare gida biyu,
mai tsaron raga ya shiga ƙirga gajimare.
Ta buga, ta ci, aka tafa.
Ni ma na tafa. Har a rahoto na rubuta.

Ranar Laraba ta yar da sanda.
"Malama, sadaka kuke ba ni?
Ƙafa ce ta ƙi, hannuna lafiya lau.
Ni ke dakan acca a gidanmu, a zaune.
Ki ce su tare ni."

Na rasa inda zan sa idona.
Tasi'u ya ce, "Ai ina ji.
In ƙwallo na wurinta, takalma duk sai su yi shiru."

Ranar ba a yi wasa ba, doka aka zauna yi.
Davou, mai gudu kamar an koro shi daga gonar dankali,
shi ya yanke wa kansa hukunci:
taku uku, ko turi uku, ka miƙa.
Ka kira suna kafin ka buga.
In Chundung ce, ɗaga sanda ta gani.

Kashegari Davou ya ƙwace ƙwallo a gaban tayarta,
ƙiri-ƙiri, ba ko sannu.
Ta bi shi, ƙarfe na kuka, tana zagi tana dariya.
An ci su huɗu da ɗaya.
Ta tafi gida tana cewa alƙaliya ce ta cuce su,
wato ni.

Akwai kuma yammacin da ƙanƙara ta sauko
muna tsakiyar wasa a babban zauren taro.
Kwano ya ɗauki ruri, muryata ta ɓace,
tsakuwa bakwai suka ɓace,
Tasi'u ya tsaya cik, sanda a ƙirji.
Chundung kaɗai ba abin da ya sauya mata.
Ta kama hannunsa ta ɗora a kafaɗarta,
ta nuna wa wannan dama, wancan hagu,
mu duka muka koma 'yan ajinta,
har ni, da usur a wuya, ba amfani.

Sanduna har yau goma sha ɗaya ne.
Littafin kuwa ruwa ya dake shi a taga, ya kumbura.
Da shi muke tokare ƙafar ragar yamma,
wadda ke karkacewa.