Jan Fenti a Bakin Famfo

Shekarar da muka yi wa Milon aure
Tofazzal ya sayar da maraƙi, ya kafa mana famfo.
Ya ce, "Hasnahena, kin rabu da kududdufi ke nan,
ba sauran zawo, ba sauran tace laka da gefen sari."
Ruwa ya fito garau, da sanyin gindin randa,
har daga gaɓar Meghna ake zuwa layi a ƙarƙashin kwakwarmu.

Shekara goma sha ɗaya muna sha.

Wata Laraba a ƙarshen damina
yarinya ta zo a kan keke da 'yar jaka.
Ta ɗiba a kwalba, ta sa guntun takarda,
takardar ta rine.
Ba ta dubi idona ba.
Ta buɗe gwangwani, ta shafe bakin famfon da ja.
Wai akwai dafi kwance a ƙarƙashin ƙasa,
ba wari, ba ɗaci,
ko an tafasa yana nan.
Ta ce in miƙo tafin hannuna.
Na ɓoye a bayana. Na san ƙullutun da ke ciki,
da irinsu Tofazzal ya shiga kabari
muna cewa kanta ce, aikin garma.

Famfo mai koren baki ɗaya ne a unguwarmu,
yana tsakar gidan Jobeda,
wadda shekara bakwai ba mu gaisa ba
saboda akuyata ta cinye mata kabewa,
da kuma maganar da na yaɓa mata daga baya,
wadda ta fi kabewar nauyi.

Kwana uku ina tarar ruwan sama daga kwanon rufi,
sai sama ta ɗauke.
Jikata Tuni ta kafa baki a jan famfo,
na fizge ta har ta yi kuka.

Da asuba na ɗora tulu a kwankwaso,
na bi tsakanin gonakin shinkafa ina jan ƙafa.
Na tarar da ita tsugune da asuwakin darbejiya.
Ta dubi tulun, ta dube ni, ta tofar.
Ba sannu, ba ina kwana.
"Yaushe rabon tulun nan da wanki? Kawo."
Ta cuɗa shi da toka, ta ɗauraye sau uku,
ta buga famfon da kanta har ya cika,
ta kife masa faranti.
"Ki rataye moɗa a ƙusa.
Kada yara su tsoma hannu."

Yanzu jan famfo na wanki ne da wanke ƙafa.
In na gifta nakan taɓa mariƙinsa,
inda tafin Tofazzal ya goge ƙarfen har ya yi sheƙi.

Akwai kabewa guda tana nuna a kan rufin madafina.
Na ɗaure akuyar.