Guzurin Manu

Manu, zauna nan bakin Matan Fada
kafin motar Abuja ta ɗauke ka.
Na riga ka zuwa Japan da shekara tara,
koyon injin casar shinkafa, kamar kai.

Takalmi a ƙofa ake tuɓe shi, wannan ka iya.
Safarka dai ka duba,
kada babban yatsa ya leƙo
yadda nawa ya yi a gaban Malam Hoshino.

Za su sunkuya maka. Kada ka zube
kamar ka je gaida surukai, ɗan rusunawa ya isa.
Kati in an miƙo, hannu biyu.
Tukuici kuwa riƙe abinka:
wata yarinya ta bi ni har titi da canjina, tana haki.

Tsinkayen cin abinci za su kunyata ka mako guda.
Kada ka kafa su tsaye cikin shinkafa,
wannan na mamata ne.
A jirgin ƙasa ka ajiye muryar nan ta kasuwar Argungu.
Takwas ɗinsu takwas ce.

Wani dare na ga masunta, wuta a goshin kwalekwale,
tsuntsaye ke yi musu su, igiya a wuya.
Na tuna homa da gorar Baba.
Wani tsoho ya ga idona,
ya miƙo min shayi mai ɗaci, bai ce komai ba.

Kilishin nan bar shi, ba zai wuce kwastan ba.
Ungo hular nan ka kai wa Hoshino,
in yana raye.