Lissafin Dare a Kamba

Ƙarfe biyu na dare. An ɗauke wuta tun la'asar,
batirin sola na nishi kamar tsoho a kan tudu.
Ni da kwamfuta a zauren Baba Labbo,
ina daidaita lissafin wani kamfanin takalma
da ban taɓa taka ƙofarsa ba,
a birnin da rana ba ta faɗi ba tukuna.

Albashina da dala yake tasowa,
ya kwana uku a hanya, ya iso a rame.
Banki ya gatsa, canji ya gatsa,
ɗan guntun da ya rage shi ne nawa.

Sai na zaro littafin nan daga ƙarƙashin katifa,
na kasa ƙasashe kamar mai albasa ranar kasuwa.
Ruwanda, an ce titi tsaf, wuta ba ta ƙyaftawa.
Masar, burodi araha, masallaci a kowace kwana.
Tunusiya, teku a bakin taga.
Har da Jojiya, har da Biyetnam,
sunayen da harshena ke tuntuɓe a kansu.
Haya nawa, data nawa,
in zazzaɓi ya kayar da ni, allura nawa?

Wata abokiyar aikina,
'yar ƙasar da ƙanƙara ke rufe ƙofa,
ta koma wani tsibiri da kwamfutarta.
Ta ce min, can komai kamar kyauta.
Na so in tambaye ta:
matar da ke wanke miki kaya fa,
ita ma kamar kyauta take gani?
Ban tambaya ba. Na aika mata hoton dariya.
Fasfonta mabuɗi ne.
Nawa kore, sai an juya shi, an ƙara juyawa,
an dube ni, an dubi hoton,
kamar goron da ake zargin tsutsa a ciki.

Tari daga ɗaki. Ƙarar buta.
Baba ya fito nafila, ya tsaya a kaina.
"Kai, Dantani, mi kaka ƙirga cikin daren ga?"
Na ce ƙasar waje, Baba, inda zama bai da tsada.
Ya yi dariya har buta ta fantsala ruwa.
"Ƙasar waje? Ga Gaya can, ga Malanbil bayan gulbi.
Da ƙuruciyata na ci kasuwa ƙasa ukku
bisa keke, da buhun shinkafa,
na dawo na iske tuwona da ɗumi."
Ya nuna littafin da haɓa.
"Araha ba ta ado. Sa wannan cikin lissafin."

Na zauna da biro a baki.
Akwai layin da ban ja ba.
Wa zai ɗauke shi a babur zuwa asibiti
ranar da ƙafar nan ta sake kumbura?
Kabarin Inna, da damina ke zaizaye gefensa,
nawa ne kuɗin jirgi zuwa gare shi?
Na nemi gurbin da zan rubuta,
takardar ta cika.

Amma kuma jiya taro ya yanke a bakina sau huɗu,
shugaba ya ce, a gyara, ko a samo wani.
Wannan ma gaskiya ce, tana nan zaune
tare da sauro, a kan tabarma.

Ban yaga shafin ba.
Na naɗe kusurwar Kigali, na rufe.
Na ɗaga waya sama ina farautar sabis,
na taka turmi, na miƙa hannu wajen katanga.
Ta yi ƙara. Saƙo ne:
barka da zuwa Jamhuriyar Nijar.

Ina tsaye a tsakar gidan ubana,
ƙafa ba takalmi,
wayata ta riga ni fita.