Daga Bakin Labule

Ni ne mai karɓar dala ashirin a ƙofa,
labule a bayana, gwangwanin canji a cinya.
Dare goma sha ɗaya ke nan a Garin Malam
ana haska kashi na biyu na fim ɗin sararin sama,
wanda mutanen ƙarfe suka sace ruwan wata duniya
suka ɗura shi a tulu mai girman duwatsun Birni.
Ban taɓa ganinsa da ido ba.
Da kunne nake kallo, da bakin masu fitowa.

Mutari ke fara fita, tsaki na gaba, yana biye:
"Na farko ya fi!
A gabanmu jarumin ya narke cikin wuta,
har gida na kai makokinsa, na kasa cin tuwo.
Yau ga shi an dawo da shi da idon gilashi,
ko gurguntaka babu.
Wa zai biya ni hawayena?"

Ilu mai kabu-kabu bai damu da mutuwa ba,
jirgin ne ya tsaya masa a wuya:
"Tafiyar shekara ɗari uku, ba juyen mai,
ba faci, ba wanda ya tsayar da su neman takarda.
Ni daga Zango zuwa Kasuwar Dole
sai na sauka na tura."

Cima ba ta shiga, a waya ta gani,
ƙanenta ta zo ja da kunne.
Amma ta tsaya ta ajiye mana tata:
"Matar nan a na farko ita ke tuƙi.
Yanzu na ƙirga, magana bakwai aka ba ta,
huɗu daga ciki ihu ne."
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Yaran da ke leƙe ta hujin kwano
sun rantse ba a taɓa yin irinsa ba.
Gefen hagu kaɗai suke gani,
mugun kuwa a dama yake tsayawa,
don haka a wurinsu jarumi da iska yake dambe,
kuma yana cin ta.

Sai tsoho Barma ɗan garuwa,
wanda kafaɗarsa ta yi kanta kamar ƙafar raƙumi,
ya fito a ƙarshe yana gyara hula.
Ya ce bindigar haske ya yarda da ita,
ƙarfe mai magana ma, to, zamani ne.
"Amma da suka fasa tulun nan,
kun ga abin da suka yi?
Suka tsaya ƙarƙashi suna rawa,
ruwa na bin ƙasa, ba mai tara ko kwano.
Wanda ya shirya wannan
bai taɓa kwana a layin famfo ba
yana jin bututu na tari da ƙarfe ukun dare."

Ba wanda ya tanka.
Mai shayin tsallake ya rage wa butarsa wuta.

Suna tambayata, kai fa, me ka gani?
Ni da ƙarshen fim ke riska a bayan gida,
mazurari a hannu, ina ba injin abin sha.
Ta bango nake jin ƙarar wata ƙofa,
da numfashin mace, dogo,
sannan kiɗa.
Mutari ya ce mutuwa ce, Ilu ya ce barci ne,
Cima ta ce tarkon kuɗinku ne, na uku na tafe.

Na kulle gwangwani, na naɗe labule.
Sama da Damagaram taurari sun yi dafifi,
ko ɗaya bai yi kama da mai ruwa ba.
Mutari ya kai kwana, ya juyo:
"Gobe ƙarfe nawa za a sa?
Ka ajiye mini bencin gaba."