Ciwon da Ba Shi da Gurbi a Rajista

Shekarar da amai da gudawa ta faɗo wa ƙauyukan Auyo,
kafin azahar motoci uku sun iso.
Aka kafa tanti bayan firamare,
aka rataye ledar ruwa a reshen darbejiya,
mai shela ya zaga har unguwar masunta.
Ban ji an tambayi wanda ke kwance ba:
"Ɗan gidan wa ne kai, marar tarbiyya?"

Ni ke riƙe da makullin ɗakin shan magani.
Rajistata na da gurbin zazzaɓi, na ƙyanda,
na saran maciji lokacin yankan shinkafa.
Na duba har bangon baya,
babu inda zan rubuta Tanimu.

Tanimu na Dije, ɗan ƙwadagon dashe.
Da ciwon baya abin ya soma,
sunkuyo tun hantsi har la'asar sakaliya,
taɓo zuwa gwiwa.
Mai gona ya jefa masa ja guda cikin shayi,
ya ce, "Sha, ka ga aiki."
Ya ga aiki kuwa.
Fadamar mutum uku ya dashe shi kaɗai,
ana tafi, ana kiransa Inji.
Damina biyu, tiramol ɗaya ta haifi shida,
shida suka ci akuyar uwarsa,
suka haɗa da keken ƙanensa.

Ran Talata aka kawo shi a amalanke,
jiki na karkarwa, kumfa a baki,
shatin mari a idon sawu.
Wata uku ya yi a wurin mai sarƙa,
buhun gero biyu aka biya kuɗin dukan.
Na buɗe kabad:
farasitamol, auduga, maganin tsutsar ciki.
Na kira Haɗeja, aka ce motar ba mai.
Sai na kwantar da shi ta gefe,
ina ƙirga numfashinsa
kamar mai ƙirga canjin da bai cika ba.

Ya farka. A wannan karon.
Abin da ya fara cewa:
"Anti, kar dagaci ya ji."

In rijiya ta gurɓace, yasa ake yi,
ba a ɗaure mai ƙishirwa.
Amma mu mun ɗaure,
mun zage, mun tofa, mun sauya hanya,
mai teburin ƙwaya kuwa na nan ranar kasuwa,
inuwarsa ta fi ta asibitina sanyi.

Jiya na ɗauki rula na ja layi da kaina.
Suna goma sha bakwai.
Akwai Barau mai injin ban-ruwa,
akwai amarya mai ɓoye kodin a tukunyar turare,
akwai uku da na sa wa ɗigo,
don ba na son rubuta kalmar.
Jami'in ƙaramar hukuma ya leƙa, ya ce,
"Hansatu, wannan na 'yan sanda ne, goge."
Na ce da biro na rubuta, ranka ya daɗe.

Da magariba Dije ta zo da ƙwai huɗu a gefen zane.
Ta ce yana gumi, yana kuka, bai sha ba kwana biyu.
Ta dubi hanyar da motocin nan suka biyo,
ta ce, "Namu sai mutum nawa sun tafi
kafin a kafa tantin?"

Na karɓi ƙwan.
Na ce ta kawo shi gobe da sassafe.