Kowa da Jarkarsa

Tsohuwar kwamfuta na nishi ƙarƙashin tebur,
fankarta na kuka kamar injin niƙa na bayan Kasuwar Dole.
Mutum dubu goma sha ɗaya ne a cikinta.
Baba ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya
a shagonsa na Zango, gaban labule mai zanen teku,
su da ba su taɓa ganin teku ba.
Ya ce kar ku motsa. Har yau ba su motsa ba.

Wata bakwai ina kwashe su daga takarda zuwa na'ura.
Yanzu kowa na son nasa:
Cima a Agadas,
Tanimun da ke sauke siminti a Sabha,
jikokin majemin Birni da ke karatu a Yamai.
Masu rumbun sama suka ce a biya duk wata,
ni da nake juya jika sau uku kafin in sayi mega.

Mutari ne ya faɗa, yana goge wayar wani da bakin riga:
akwai manhajar da ba ta da rumbu,
wanda ya samu yanki ya miƙa wa na gaba.

Na ce ai mun san wannan, Damagaram ce.
Ranar da famfo ya yi shiru kwana tara
ba wanda ya zauna jiran mota.
Gidan Falmata jarka biyu, gidanmu rabin randa,
ruwa ya yi ta ƙetare katanga
har ba a san na wa ake sha ba.

Uku ya kawo mini, duka kyauta.

Ta farko ta shigo da fara'a da baƙi a bayanta,
masu tallan maganin ƙiba, masu caca,
wani ma ya canza mini ƙofar shiga bai yi sallama ba.
Ragon kyauta ne, amma kaska ta fi nama.
Na kore ta kafin la'asar.

Ta biyu kyakkyawa ce, ba ƙarya,
sai dai ta zauna wa tsohuwa a ƙirji,
kibiya ta daskare a tsakiyar allo,
na dafa shayi, na sha na fari, na sha na biyu,
ba ta gama shimfiɗa tabarmarta ba.

Ta uku ba ado, toka-toka kamar duwatsun bayan gari.
Mutari ya ce cikinta a buɗe yake,
duk mai ido na iya leƙa tukunya ya ga abin da ake dafawa.
Ni ba ni da wannan idon,
amma na fi yarda da mai girki a tsakar gida.
Na tambaye ta abu ɗaya:
in wuta ta tafi, daga farko za ki koma?
Na zare waya da hannuna. Na mayar.
Ta ɗora daga inda ta tsaya.

Daren farko wuta ta tafi da gaske,
sittin da uku cikin ɗari.
Na kwanta a waje ina zagin sauro da kamfani.
Da safe Tanimun ya aiko murya, ya ce nasa na ta ƙaruwa.
Daga ina, ni ina cikin duhu?
Daga Cima. Daga yaran Yamai.
Abin da ya fita hannuna bai sake neman izinina ba.

Yanzu ina barinta a kunne in na rufe shago,
don mai iri ba ya kulle rumbu da damina.

Jiya Cima ta kira, muryarta na rawa.
Ta ce buɗe na dubu huɗu da tara,
amarya mai madubi a hannu, duba cikin madubin.

Shekara talatin yana bayan akwati,
ba mu da hotonsa ko ɗaya.
Ga shi nan, kamar ƙwayar gero,
ido ɗaya a rufe, hannu a sama,
yana ce mana kar mu motsa.