Wa Ke Auna Mudu?

Ƙarfe biyun dare a asibitin Shika,
ɗakin da inji ke numfashi a madadin mutum.
Ina tsaye a gado na huɗu
riƙe da takarda mai tambaya bakwai
da aka tsara a wata ƙasa mai nisa,
aka ce mu gwada ta a kan namu
mu ga ko tana gane yunwa
a jikin wanda ba ya iya cewa yana jin ta.

Ta farko: Ka rame cikin wata ukun nan?
Malam Sallau bai tanka ba.
Roba ta bi ta hanci ta gangara ciki,
wata ta tsare maƙogwaro.
Ko da bakin a sake yake, me zai ce?
Shekara sittin da ɗoriya
bai taɓa hawa sikeli ba,
shi da ke auna wa rabin Sabon Gari dawa da masara.

Sikeli ya ce kilo saba'in da ɗaya.
Na danna yatsa a ƙaurinsa,
rami ya zauna, ya ƙi tashi.
Kumburi ne ya ari rigar ƙiba.
Takarda ta ba shi maki biyu, wai babu haɗari.
Na zagaya damtsensa da tef,
tef ya ce ƙarya take yi.
To, wa zan bi?

A baranda Kubura na kan tabarma,
fulas ɗin kunun da ba zai sha ba yana gefenta.
Na durƙusa na tambaye ta.
Ta ce, Tun bayan layya
yake ƙara ƙulli a mazagin wando.
Zoben azurfa ya bar ɗan yatsansa ya koma babba.
Malmala biyu ta zama rabi,
yana ɗora wa miya laifi.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gurbin mazagi, babu na zobe.

Ta ce, Aikin me kike yi da tsakar daren nan?
Na ce, Ma'auni nake aunawa.
Ta yi 'yar dariya, ta farko cikin kwana tara.
Ta ce, Ai shi ma haka yake.
In ya sayo sabon mudu
ba ya auna wa kowa da shi
sai ya cika shi da gero
ya juye a tsohon na mahaifinsa.
In ya yi saura ko ya gaza
ya mayar wa mai shi, ko da sun yi faɗa.
Yana cewa mudu mai bugaggen gindi
shiru yake sata.

Na koma ciki.
Shi ne na arba'in da uku,
ɗari da ashirin muke nema.
Dakta Tanimu zai jera maki kusa da sakamakon jini,
kusa da hoton tsokar cinya,
kusa da ranar da kowa ya fita
da ƙofar da ya bi.
Sai lissafi ya ce takarda ta ci ko ta faɗi.
Kafin nan mutum na kwance.

Na ɗaga kan gado.
Nas Ladidi ta ja sirinji ta duba abin da ciki ya rage,
kaɗan ne, Alhamdulillahi.
Waken suya, gyaɗa, madara, an tace sau biyu,
mil ɗari biyu, a hankali,
ba loma, ba tauna, ba santi.
Ni na yi masa bisimilla.

Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari ya kama.
Daga wajen Milgoma ladan ya fara gyaran murya.
Na rubuta maki biyu inda aka ce in rubuta,
don ba a gyara wa mudu baki ana cikin gwaji.
Sannan a gefe, da fensir, ƙanana:
mazagi, ƙulli uku.
Zobe.